Audu Mai Awo da Malamin Gona

Tun da na ajiye aiki na dawo gida nake jin samarin da ke zama a dakalin ƙofar gidana suna raina sana'ata. Wai leƙen asiri ba wani abu ba ne illa baƙin tabarau da baƙar mota da bindiga a ƙugu. Jagoransu Nura ne, ɗan ƙanena, wanda ya gama jami'a yana zaman jiran aiki. Ran nan har da ce mini, "Baba, yanzu fa komai a waya yake. A ba ni ofis da kwamfuta kawai, wallahi kafin damina na gama da ɓarayin ƙasar nan." Na yi dariya har sai da na ƙware. Suna kuma da wata tsokanar, wai tun da na sauka daga kujerar darakta na rasa abin yi, shi ya sa duk inda aka yi rasuwa a ƙauyukan nan sai an gan ni, har sun raɗa mini Alhaji Sahun Gaba. To ku gyara zama, yau zan amsa muku duka biyun, don tushensu ɗaya.

Sunan hukumar da na yi wa aiki ba zai fito daga bakina ba, kun dai san aikinta shi ne ta ji abu kafin ya faru ta gaya wa masu mulki. Sunayen mutane ma na sauya su, na kuma sauya duk abin da ya kamata in sauya. Wanda ya tashi ya tafi kasuwa neman mutumin da zan ba da labarinsa, takalminsa kawai zai cinye.

Da aka ɗauke mu aiki, makarantar horo aka fara kai mu a birni. An koya mana harbi, an koya mana bin sawun mutum bai sani ba, da rubuta rahoto a taƙaice. Na fito ina ji da kaina, ina tafiya ina waige kamar duk duniya nemana take. Sai aka turo ni nan arewacin Kano, hannun wani dattijo da muke kira Baba Tanko, gajere mai jajayen haƙora saboda goro, wanda in ka gan shi a tasha za ka rantse ɗan kamasho ne. Ya dube ni tun daga hula har ƙasa, ya ce in cire takalmin nan, ƙyallinsa ya yi yawa. Ya jawo wani tsohon keke mai kukan sarƙa, ya ɗora mini malafa, ya rataya mini jakar fata cike da samfurin iri, ya ce daga yau ni malamin gona ne.

Na ce, "Baba, bindigar fa?"

Ya ce, "Tana ofis tana hutawa. Duk ranar da ka ga ka ɗauko ta, to aikin ya riga ya lalace."

Kada ku zaci sunan kawai na ara. Sai da na koyi aikin gonar gadan-gadan, don ba a yi wa manomi ƙarya a kan gyaɗa. Na san irin da ke nuna da wuri, na san ciwon da ke naɗe ganye, na iya haɗa maganin feshi. Hatta a gidanmu an ɗauka a ma'aikatar gona nake. Duk zuwan da zan yi sai Inna ta tsare ni da zancen takin zamani, ta ce ɗan maƙwabciyarta ma da yake masinja ya samo wa uwarsa, ni ga ni malamin gona sukutum amma gonarta na fama da kashin awaki. Haka zan zagaya kasuwa in sayo in kawo mata, in ce rabon gwamnati ne.

Aikin farko da Baba Tanko ya ba ni, ranar kasuwa ce, ya ce in je in wuni in dawo in ba shi labari. Na wuni kuwa. Na zaga kara, na zaga layin 'yan hatsi da 'yan koli, na dawo da yamma kaina cike taf. Na zazzage masa komai, wanda ya yi faɗa da wa, motar da ta zo daga ina, abin da ake faɗa a kan farashin taki. Yana ta taunar goronsa har na kai aya. Sai ya ce, "To, wa bai zo ba?" Na ce ban lura ba. Ya ce faɗar wanda aka gani ai kowa ma ya iya, ma'aikaci shi ne wanda ya san kasuwa har ya lura da rumfar da ba a buɗe ba. Kai, maganar nan ta shige ni! Daga ranar na kama haddace kasuwar rumfa-rumfa, har ya zama in dillali ɗaya ya yi fashi, tun daga bakin kara nake ganewa.

Amma babban darasin a kan gaisuwa na same shi. A makaranta an koya mana cewa in ka haɗu da mai ba ka labari a bainar jama'a, ka ɗauke kai ka wuce kamar ba ka taɓa ganinsa ba. Waɗanda suka tsara wannan ƙa'ida, a garuruwansu mutum kan wuce maƙwabcinsa ba sannu, kuma ba wanda zai damu. Wani abokin karatuna, Lawal, ya zo daga hedikwata a kan maganar wasu ɓarayin shanu, mai ba shi labari kuwa wani mai shayi ne a bakin kara. Lawal ɗan gidan tarbiyya ne, ya shigo layin yana gaida kowa, mai nama, mai rake, mai gyaran rediyo. Da ya iso kan mai shayin sai ya tuna karatu, ya ɗauke kai, ya tsallake shi ya gaida na gaba. Ni da nake tsaye daga nesa ban ga aibun abin ba, don ni ma haka zan yi. Amma layin gaba ɗaya ya gani. Kafin la'asar ana ta tambaya, me ya haɗa baƙon nan da mai shayi har ba sa ga-maciji? Ashe ke nan sun san juna. Da aka zo aka kama ɓarayin, danginsu ba su sha wahalar gano bakin da ya yi magana ba. Aka ƙone wa bawan Allah rumfa da teburi, sai da Baba Tanko ya kwashe shi da iyalinsa aka sake musu gari.

Bayan ƙura ta lafa ya zaunar da mu ni da Lawal, bai yi faɗa ba. Ya ce, "A ƙasar nan ba a ɓoye mutum da shiru, cikin jama'a ake ɓoye shi. Ku gaida shi yadda kuka gaida na damansa da na hagunsa. Kada ku ƙara masa ko 'ina gajiya' ɗaya, kada ku rage. In yau kun yi ciniki a wajensa, kasuwa mai zuwa ku yi a wajen maƙwabcinsa."

Tun daga nan na zama sarkin gaisuwa. In na shiga layin 'yan hatsi da hantsi, ba na fita sai an kira azahar. Kowa sai na tambayi gida da yara da ƙafar da ke masa ciwo. Awo kuwa bi da bi nake yi, yau mudu a nan, gobe a can, har ɗakina ya koma rumbu, ni gwauro ba mai daka mini. Tsofaffin unguwar da nake haya sun sha kunu a shekarun nan.

A wannan layi na san Audu mai awo. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, in ya tula mudu sai ya ƙara maka gyara ko ba ka roƙa ba. Shi ya neme ni, ba ni na neme shi ba. Wata rana na tsuguna yana auna mini gero, kansa a sunkuye, sai na ji ya ce a hankali, "Malam, keken nan naka yana zuwa inda ake jin magana?"

Na ce, "Wace irin magana, Malam Audu?"

"Ta lorin Alhaji. 'Yan dakon kasuwar nan suna loda motar kowa, ban da tasa. Shi da nasa yake zuwa, baƙi, ko abinci ba sa ci da mutane. Kuma buhunan ƙasan lodin mutum biyu ke kamawa. Ni a hatsi na buɗe ido, ban taɓa ganin buhun gyaɗar da ya gagari ƙato ɗaya ba."

Ya watsa mini gyara, ya ɗaure bakin jaka, ya ɗaga murya ya ce, "Allah Ya amfana, Malam." Na hau keke ƙafata na zamewa daga feda don murna.

Alhajin da yake nufi babban ɗan kasuwa ne mai safarar gyaɗa, mai kyauta, mai yara, wanda ba a ambaton sunansa da ƙarfi. A lokacin kuwa 'yan fashi sun addabi hanyoyi, ba a san ta inda bindigogi ke zuwa musu ba, kuma ƙanin Audu direba ne, a kan hanya aka harbe shi. Daga baya na tambayi Audu yadda ya gane ni, ya ce bai gane ba, gwadawa ya yi, don ya ga ni kaɗai ne ma'aikacin gwamnatin da ke bari mutum ya gama magana. Na tambaye shi abin da yake so a yi masa. Ya ce, "Ba na son komai naku. Abu ɗaya ne. Ina da 'ya'ya ƙanana, a garin nan za su tashi, a nan za su yi aure. Kada ka taɓa nuna ka san ni fiye da kowa, ina raye ko na mutu." Na ɗaukar masa alkawari, hannuna cikin geronsa kamar mai duba tsakuwa.

Baba Tanko bai yi rawar jiki ba. Ya ce ba a kama mutum da baki ɗaya, sai da muka samu wani makanike a wani gari daban ya tabbatar mana lorin nan kullum cikin karya sifirin take, alhali gyaɗa ba ta da wannan nauyin. Muna ji muna gani lodi ya wuce, wani ya sake wucewa, ni kamar in yi tsalle in tare hanya. Shi kuwa ba kamun ne ya dame shi ba, yadda za a yi kamun ne. In muka tare mota muka nufi buhunan ƙasa kai tsaye, kowa ya san tsegunta mana aka yi, kuma daga layin 'yan hatsi za a fara neman mai tsegumin. Dole abin ya zama tsautsayi.

Ranar da aka yi ta, wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar in miƙe tsaye! Can nesa muka zaɓa, wani ɗan ƙauye a bakin titi, a wata jihar ma, inda gefen kwalta duk rairayi ne. Tun kafin nan da daɗewa Baba Tanko ya kafa rumfar faci a wurin, da famfonsa da bahon ruwa da tsofaffin tayoyi, yana faci na gaskiya har ya yi abokan ciniki. Ni aka ɓoye ni a bayan zanar wata mai tuwo, don ni na san motar, direban kuma ya san fuskata. Rana ta take, sai ga ta ta ɓullo, koriya, tana nishi. Na ɗaga malafata saman zana don ba mutanenmu alama. Wani mutuminmu da ke kora jaki da kayan itace ya tsallaka titi, ya saki ɗan katako mai ƙusoshi kamar daga kayansa ya zame. Fuuu! Taya ta sace, mota ta yi tangal-tangal, ta gangara gefe ta tsaya dab da rumfar facin.

Direba ya diro yana zage-zage. Baba Tanko ya taso yana ɗingishi yana, "Sannu, sannu, Allah Ya tsare gaba." Aka kafa jak, jak ya nutse a rairayi. Aka sa masa katako, katako ya tsage, don da ma ruɓaɓɓe aka tanada. Baba Tanko ya share gumi ya ce, "Direba, motar nan fa sai an rage mata kaya." Direba ya ce atafau ba mai taɓa masa kaya. To amma kun san mutanenmu, mota ta lalace a bakin gari, wa ya isa ya hana su taimako? Kafin ya rufe baki majiya ƙarfi sun ɗare saman lodi, rabi namu, rabi 'yan garin da Allah Ya kawo, ana ta "Miƙo! Miƙo!" Yaran Alhaji na ture wannan, wancan na hawa. Aka sauke na sama, aka iso na ƙasa. Wani ƙato ya cicciɓi ɗaya da ƙyar ya ce, "Kai, wannan gyaɗa ce ko dutse?" ya sake shi daga sama. Buhu ya daki kwalta ya fashe, ƙarar ƙarfe ta tashi, ga bakunan bindigogi sun leƙo daga cikin gyaɗa. Wasu 'yan sanda da suka tsaya cin tuwo, waɗanda ba banza yunwa ta kama su a daidai wannan lokacin ba, suka taso hannu duk miya. Ni ina bayan zana ina cizon malafa don kada ihu ya ƙwace mini. Kuma ku ji ikon Allah, ƙaton da ya saki buhun ba namu ba ne, ɗan garin ne.

Labari ya bazu ko'ina cewa ƙusa ce ta tona asirin Alhaji. Shi kansa har aka kai shi gidan yari ƙusar yake tsinewa. Kasuwa ta zagayo na shiga layi, na tarar ana ta ba da labarin, Audu na cikin masu saurare yana girgiza kai yana cewa Allah Ya kyauta. Na gaida shi yadda na gaida kowa. Ranar ma bi da bi bai zo kansa ba, a wajen maƙwabcinsa na yi awo.

Daga nan aiki ya yi ta gaba da ni. Aka ɗauke ni daga ƙauye zuwa birni, daga birni zuwa hedikwata, har ƙasashen waje na zauna. Baba Tanko ya rasu, ya zama ni kaɗai na san sunan Audu a duk hukumar. Kwamfutocin da Nura ke kurari da su, ni na sa hannu aka sayo su, kuma suna aiki ƙwarai, za su gaya maka wa ya kira wa, daga ina. Ba su dai taɓa gaya mini buhu ya yi nauyi ba. Abokan cinikinmu a sama kuwa manyan ƙasa ne, kuma hajar da kake kai musu galibi ba ita suke so ba. Da safe za ka shiga da labarin da zai ɓata wa mai mulki karin kumallo. Wani so yake ka maimaita masa abin da ya riga ya yarda da shi, wani so yake ka sa wa abokin hamayyarsa ido, sai ka koyi cewa a'a kana murmushi. Akwai wani babba da ya ji tarihin lorin nan ya ce lallai in kawo sunan wanda ya ba mu labari a ba shi lambar yabo a gaban 'yan jarida. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ƙusa ce." Ya dube ni, na dube shi, ya sake zance.

Mummunar shekarata kuwa ita ce wadda kowa ke taya ni murna. Ranar da aka naɗa ni darakta, rediyo ya faɗi sunana, jarida ta buga hotona. Kafin azahar duk kasuwar nan ta san malamin gona mai keke ashe ɗan leƙen asiri ne. Alhaji ya daɗe da fitowa daga gidan yari ya rasu, amma 'ya'yansa sun girma, suna da dukiya, suna da yara, kuma ba su manta abin da ya rusa gidansu ba. Nan take suka gane ba ƙusa ba ce. Labari ya iso mini cewa sun baza mutane a layin 'yan hatsi suna tambaya cikin hira, malamin gonar nan da wa ya fi shiri?

Ku duba fa, ina zaune a kan kujerar da in na ɗaga waya za a cika garin da motoci, amma ban isa in tura ko mutum ɗaya ƙofar gidan Audu ba, don mai gadin da zan tura shi ne zai nuna musu gidan. In ɗauke shi daga garin ma ba dama, rumfar da ba a buɗe ba ita za a fara gani. Abin da na iya kawai, na ajiye wani jami'i a kasuwar na ce ya sa ido a kan layin gaba ɗaya, ban gaya masa wa nake ji ba. A shekarar nan na rame, matata har ta fara zargin masu dafa abincin ofis.

Sai ga rahoton jami'in ya zo, na karanta na fashe da dariya ni kaɗai a ofis. Ashe da masu binciken suka tambaya, kowa a layin cewa ya yi shi ne! Wannan ya ce, "Ai aminina ne, a wajena yake awo." Wancan ya ce ƙarya ne, shi har gidansa na taɓa zuwa duba masa gyaɗa. Wani tsoho ya rantse shi ya koya mini cin goro. Mutum ya zama babba, wa zai yarda a ce ba su saba ba? Kuma duk gaskiya suka faɗa, don kowa na gaisa da shi, kowa na yi awo a wajensa. A tsakiyar sunayen da jami'in ya jero na ga na Audu, wai shi ma ya bugi ƙirji ya ce ya sha ƙara mini gyara. Ya gane in ya yi shiru shi kaɗai, shirun ne zai kama shi. Masu bincike suka yi ta zagaye har suka gaji.

A ƙarshen shekarar mutanen yankin suka shirya mini walima. Aka kafa rumfuna, aka jera manya, kuma cikin manyan har da babban ɗan Alhaji, wanda ya zama ɗan kwangila mai faɗa a ji, kujerarsa kusa da tawa. Jama'a suka yi layi ana gaisawa. 'Yan kasuwa da yawa sun tsufa, na manta sunayensu, sai in ce, "Tuna mini sunan," su faɗa, a yi dariya. Ina ɗaga kai sai ga Audu, gemu ya yi fari fat, ya ɗan ranƙwafa. Ɗan Alhaji na gefena yana kallon kowace fuska.

Audu ya miƙo hannu biyu ya ce, "Ranka ya daɗe, malamin gona an zama manya."

Na ce, "Ikon Allah, Malam. Tuna mini sunan."

Ya ce, "Audu ne, ranka ya daɗe. Mai awo."

"Af, Malam Audu! Ya kasuwa? Ya iyali?"

"Alhamdu lillahi. Yara duk sun girma, suna nan lafiya."

Na ce madalla, na saki hannunsa na kama na mai bi masa. A duk shekarun da na yi ina aiki ba abin da ya yi mini ciwo kamar tambayar nan da na yi masa. Na so in gina masa gida, na so in kai shi Makka, ga hali ina da shi, amma ko hula ban isa in ba shi ba sai in zan raba wa layin duka.

Da na ajiye aiki na dawo nan na kama noma, sai wani tunani ya hana ni sakat. Audu ya girme ni, kuma jiki ya fara ƙi. In ta Allah ta kasance, ni da ban taɓa zuwa jana'izar wani mai awo ba, in aka ga tsohon darakta ya taso takanas ya zo tasa, ai na rubuta sunansa a bango ke nan, kuma alkawarin har da bayan mutuwa ne. In kuma zauna a gida a binne shi ban raka shi ba, wannan zuciyata ba za ta ɗauka ba. Sai na tuna maganar Baba Tanko. Tun daga lokacin na fara. Duk inda na ji an yi rasuwa, daga nan har Ɗanbatta, har ƙauyukan da mota ba ta shiga sai babur, ina can. Mai kuɗi, talaka, jariri, tsohuwa, wanda na sani da wanda ban sani ba. Har garuruwan 'yan'uwanmu Kirista nakan je in yi gaisuwa in zauna a benci. Da fari aka ce takara zan tsaya, daga baya aka ce tsoron Allah ne ya kama ni saboda abin da na aikata a ofis, a ƙarshe aka gaji aka ce halinsa ne. Wannan na ƙarshen nake jira.

Ranar ta zo kuwa. Ba zan ce bara ce ko shekarun baya ba, ba zan ce rani ko damina ba. Wani mai babur ya tsaya a nan ƙofar gida, yadda aka saba tsayawa a gaya mini, ya ce an yi rasuwa a gari kaza, wani tsohon mai awo. Na ce Allah Ya jiƙansa, na nemi hulata, ban yi saurin da ya fi na kullum ba. Na tsaya a sahun gaba, inda kowa ya san nan nake tsayawa. Da aka ɗauki makara na sa kafaɗa na taka kaɗan na ba na baya. Na zuba ƙasa da hannuna. Ɗan Alhaji ma ya zo, har ya matsa mini a inuwa yana cewa, "Alhaji, kai dai ba ka gajiya."

A wajen ta'aziyya babban ɗan Audu, wanda yanzu shi ke zaune a rumfar, ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, mun gode. Ba ka ma san shi ba ka taso."

Na ce, "Na taɓa awo a wajensa."

Ya ce, "Allah sarki. Ai Baba kowa ya yi awo a wajensa."

Na ce haka ne. Na yi masa addu'ar da nake yi wa kowa, ban ƙara ko kalma ɗaya ba, na ba na bayana wuri. A ranar na yi farin cikin da ban yi ba ranar da aka naɗa ni, don na raka mutumina har makwancinsa, kuma ba wanda ya waiwayo ya dube ni.

Za ku ce to tunda buƙata ta biya, me ya hana ni hutawa? Nan za ku gane da sauranku a aikin nan. In na daina, wani mai dogon tunani zai zauna ya tuno jana'izar da na tsaya a kanta, jikokin Audu kuwa a garin suke kwana. Saboda haka, Nura, ajiye wayar nan ka je ka tayar da mota. An yi rasuwa a wani ƙauye ta hanyar Minjibir, bayan azahar za a yi sallah, kuma sai mun tsaya a hanya mun tambayi sunan mamacin.